Kwalaye Bakwai a Garejin Malam Haruna

Yau shekara tara ke nan cif da aka kai mijina, Malam Haruna, makwancinsa a nan Greensboro. Allah Ya jiƙansa da rahama. Sauran shekarun da hawaye nake tuna wannan rana, amma bana, ku gafarce ni, da alfahari na zo.

Ɗan manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, boko ya kawo shi Amurka har ya zama malamin injiniya a jami'a. Rabin rayuwarsa ya ƙarar a kan wata 'yar na'ura da za a ɗora wa tauraron ɗan'adam, ta leƙo gona daga sama ta faɗi ko ƙasa ta sha ruwan da ya isa shuka. Ya ga mahaifinsa ya yi asarar iri sau biyu a damina ɗaya, abin bai taɓa barin ransa ba. Hukumar sararin samaniya ta amince da aikin, ana cikin yi, sai aka yi zaɓe.

To, a ƙasar nan kowane shugaba da irin samansa. Wannan ya ce duniyar wata za a koma, na bayansa ya ce a bar wata a nufi duniyar Mars, wani kuma ya ce kallon ƙasa daga sama ɓata lokaci ne. Sarki goma zamani goma. Sababbin mutane suka hau, wasiƙa ta zo, an dakatar da aikin Malam.

Ranar ya dawo gidanmu na unguwar Sedgefield da kwalaye bakwai cike da littattafan lissafinsa, ya jera su a gareji, motata ta koma kwana a waje. Ni kuwa ba a san ni da haɗiye magana ba. Duk safiyar da na fito na tarar ƙanƙara ta daskare a gilashi, sai ya ji a jikinsa.

"Malam, aikin nan ya mutu, a zubar da tarkacen nan mana!"

"Rabi, kin taɓa ganin manomi ya cinye iri don fari ya yi bana?"

Iyakar amsarsa ke nan har ciwon zuciya ya ɗauke shi bayan shekara biyu. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: bayan na fita takaba har na kira masu kwasar shara. Na buɗe kwali ɗaya, na ga rubutun hannunsa, sai na ce su tafi.

Shekaru suka shuɗe, gwamnati ta sake canzawa. Wata rana sai ga Monica a ƙofata, tsohuwar ɗalibarsa wadda ta gaji kujerarsa. Ta ce sababbin shugabanni sun ba kowane tsohon aiki 'yan makonni ya kare kansa, in ba haka ba a rufe shi har abada. Matsalar ita ce na'urar tana rikicewa tsakanin ƙasa mai yashi da mai laka. Ta tabbata Malam ya warware wannan, amsar tana cikin kwalayen.

Muka buɗe, sai ta dafe kai. Lissafin da lambobi yake, amma duk bayanin da ke gefe da Hausa ya rubuta shi, don Malam da Hausa yake tunani. Jigawa, fadama, faƙo, kowace da shafukanta, har da yadda mahaifinsa ke tona rami kamu ɗaya ya dunƙula ƙasar a hannu ya ga ko za ta tsaya. Ta ce, "Mama, sai ke."

Ni da aikina kula da tsofaffi, ina ni ina sararin samaniya? Amma a gona na tashi. Kullum na taso aiki da la'asar sai mu zauna a teburin kicin, ina karantawa tana rubutawa. Da Turancina ya gaza, na ja ta bayan gida inda nake shuka yakuwa, na dunƙula ƙasa na danƙa mata a hannu. Nan take ta fahimci abin da yake nufi. Ta kai takardun, aikin ya tsira.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, kamfanonin 'yan kasuwa suna harba roka kamar motocin haya, 'yan siyasa kuma har yanzu suna musu kan wata da Mars. Na san dariya zai yi, ya ce su je su dawo, gona tana nan tana jiran ruwa. Bai taɓa zagin wata gwamnati a gabana ba, ni ce mai yi masa wannan aikin.

Ranar da aka harba tauraron ina wani kanti a titin Gate City Boulevard ina sayen garin tuwo, Monica ta turo mini hoton kai tsaye a waya. Da na ga wuta ta tashi, wallahi ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba! Mai kantin ya zo a guje yana zaton wani abu ne ya same ni. Ƙawata Anti Rifkatu, mutuniyar Jos, da muka je tare, ta rungume ni muna kuka muna dariya a tsakanin buhunan shinkafa.

Da damina ta faɗi, ƙaninsa Sale ya kira ni daga gida. Ya ce malamin gona ya hana su shuka a ruwan farko, wai bayanin sama ya nuna ƙasa ba ta jiƙu ba. Suka jira, kuma shukar ta kama. Sale bai san aikin wa ya yi masa magana ba, sai da na gaya masa. Sai na ji yana ta yi wa yayansa addu'a.

Waɗanda suka sa hannu a waccan wasiƙa sun sauka, ban ma riƙe sunayensu ba. Na'urar Malam tana kewaya duniya. Monica ta roƙi a kai kwalayen ɗakin karatun jami'a, na ce ta ɗauki hotonsu, amma suna nan inda mai su ya ajiye su. Malam, ka yi gaskiya, ni ce ban gani ba. Motata har yau a waje take kwana, kuma ban ƙara yin ƙorafi ba.