Sawun Babur a Cikin Asibiti

A bakin hanyar da ke shiga kasuwa akwai wani tsoho mai gyaran takalma, ya fi shekara talatin a ƙarƙashin rumfar kwano guda. Kar-a-yar ake ce masa, don ba maganar da ta fi fita daga bakinsa. Ƙusa in ta lanƙwashe sai ya miƙe ta a kan ƙarfe, ya jefa a gwangwanin madara. Tsohon buhu yakan warware zarensa ya yi ɗinki da shi. Sabulu kuwa a gidansa wuƙa ake sa masa, a raba huɗu kafin ya ga ruwa.

Da rayuwa ta yi tsada kowa kuka yake, shi kuwa aiki ne ya ƙaru masa, tunda ba mai iya sayen sabon takalmi. Sai dai masu kawo gyaran ma da ƙyar suke biya. Yakan ce wa maƙwabcinsa mai faci, "Da can marowaci kuke ce mini. Yanzu duk unguwar nan ɗalibaina ne."

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta shekara biyu da gama karatu tana zaune a gida. Rannan aka kira ta intabiyu a wani asibiti mai zaman kansa, suna neman mai zama a teburin karɓar baƙi. Kayan sawa tana da su, takalmin fita ne guda ɗaya tak, shi ma ƙasansa ya cinye har yana shan ruwa.

Matarsa ta ce, "Malam, wannan karon ka bari mu sayi sabo. Zan sayar da 'yan kunnena."

Ya juya takalmin a hannu, ya latsa fatar. "Samansa lafiya lau. In kin sayar da 'yan kunne, sabon ya mutu bayan wata shida, sai kuma mu sayar da kunnen?"

"Baba, don Allah kada ka sa a yi mini dariya," in ji Auta.

"Wanda zai yi miki dariya sai ya kwanta a ƙasa tukuna ya leƙa."

Robar ƙasan takalmi ta kanti ta yi tsadar da ko tambaya ya daina yi. Sai ya karɓi tsohuwar tayar babur a wurin mai faci, ya yanka daidai girman ƙafar Auta, ya fiƙe gefe, ya manna, ya ɗinke, ya goge har yana ƙyalli. Gefen tayar mai zane shi ya sa yana kallon ƙasa, don ya san shi ya fi jure hanya. Hanya kawai ya yi wa lissafi, shi da duk rayuwarsa a kan turɓaya da siminti yake tafiya.

Ranar intabiyu aka wayi gari da yayyafi. A ƙafa suka tafi, ya raka ta, lema ɗaya a tsakaninsu. Auta ta shiga, shi kuma ya zauna a benci kusa da maigadi, ta inda yake hango ciki. Daɓen wurin fari ne tas, mutum na iya ganin fuskarsa.

Ba a jima ba mai shara ta fito riƙe da sandar goge ƙasa, ta tsaya a kan maigadi.

"Kai, wa ka bari ya shigo mini da babur?"

"Wane babur kuma? Tun safe ina nan."

"To zo ka gani, ko tashi ya yi sama ya wuce ka."

Kar-a-yar ya miƙa wuya. Ga sawun taya nan baƙi ƙirin, tun daga ƙofa, ya bi ta gaban marasa lafiya, ya karya kwana, ya tsaya daidai kujerar da Auta ke zaune cikin masu jiran intabiyu. Ta sunkuyar da kai, ta tura ƙafafunta ƙarƙashin kujera. Shekara biyu yarinyar nan tana jiran wannan rana.

Hayaniyar ta fito da manajar wurin, wata mace mai tabarau. Ta bi sawun da ido har inda ya ƙare. Tsohon ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa, bai yarda ya taka daɓen ba.

"Ranki ya daɗe, ba laifinta ba ne. Ni ne ubanta, ni na yi wa takalmin ƙasa da taya."

Kafin ya rufe baki Auta ta cire takalmin ta ajiye a waje, ta karɓi sandar daga hannun mai shara ta ce, "Kawo, Inna, ni na ɓata." Ta bi sawun tana gogewa ba takalmi a ƙafarta, tana ba marasa lafiya haƙuri su ɗaga ƙafa. Wata tsohuwa mai jiran likita ta yi dariya har tari ya kama ta, Auta ta ajiye sandar ta ɗebo mata ruwa.

Manaja ta ɗauki takalmin ta duba ɗinkin. "Shekara nawa zai yi?"

"In ba a yar ba, biyar."

Ta cije dariyarta, ta kira Auta ciki. Tsohon ya koma benci yana murza hularsa.

Da Auta ta fito fuskarta ta riga bakinta faɗa. "Baba, an ce in fara ranar Litinin. Amma an ce in bar babur ɗin a gida."

"Ba inda za a bar shi," in ji Kar-a-yar. "Zanen kawai zan kankare."

Daga nan rumfa suka wuce. Ya ɗora takalmin a gwiwa, ya wasa wuƙa, ya shiga kankare zanen tayar a hankali, Auta na zaune a kan akwatin kayan aikinsa tana ba mai faci labari.