Mijin Mahaifiyata

Har yanzu, in na wuce inda ake sussukar gero, ƙaiƙayi ya taɓa mani wuya, ƙamshin sabon hatsi ya shiga hancina, sai in tsinci kaina a zauren gidanmu na Kurfi. A nan Baba yake jibge buhunan da zai kai kasuwa. Bayan girbi zauren kan cika har sai mutum ya karkata kafin ya wuce, kaji na bin ƙasa suna tsintar abin da ya zube.

Na ce Baba, amma gara in gaya maka tun yanzu cewa ba shi ya haife ni ba. Mahaifina ya rasu ina da shekara uku. Da Inna ta sake aure, sai ta zo da ni wannan gida riƙe da hannuna. Hausa tana da suna ga yaro irina: agola. Sau ɗaya tak na ji an kira ni da shi a gidan. Wata maƙwabciya ce ta shigo ɗibar wuta, ta dube ni ta ce agolar nan tamu ta girma. Kaka, mahaifiyar Baba, tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Mu dai ba mu da agola a gidan nan," in ji ta. "Ɗauki wutarki."

Shi kuwa Baba, duk wanda ya tambaye shi wace ce ni, amsarsa ɗaya ce: ɗiyata ce ta fari. Ko bayan Inna ta haifa masa maza biyu, amsar ba ta canza ba. Da yamma in zai ɗura hatsi, ni yake kira in riƙe masa bakin buhu, wai hannuna ya fi na kowa tsayawa.

Ina aji shida aka kawo mana sabon malamin Hausa, wani dogo da ke zuwa daga Dutsin-Ma a kan babur. Mutum ne mai son a ajiye kowace kalma a muhallinta. Ya koya mana cewa rafi daban, kogi daban, kuma mai rubutu ba ya faɗin abin da ya yi kusa da gaskiya, gaskiyar yake faɗi. Na so darasinsa ƙwarai. Da ya ce mu rubuta insha'i a kan mutumin da muka fi girmamawa, ban tsaya tunani ba. Na rubuta yadda Baba ke ɗaukar ƙwayar dawa ya ciza ya gane ko ta bushe, da yadda ba ya taɓa gauraya tsohon hatsi da sabo, da ranar da ya goya ni a keke zuwa asibiti cikin ruwan sama.

Da na gama sai na sake karantawa, idona ya tsaya a kan "babana". Na tuna maganar malam. Ai ba shi ya haife ni ba. Na ɗauki magogi na bi duk inda kalmar take na goge, na rubuta "mijin mahaifiyata". Ba wanda ya sa ni. Har wani daɗi na ji, don a ganina na yi rubutu irin na masu ilimi.

Insha'ina ya zo na ɗaya, aka ce in karanta shi ranar rabon kyaututtuka a gaban iyaye. Ranar ta faɗo daidai da kasuwar Dutsin-Ma, amma Baba ya bar buhunansa a zaure, ya sa shuɗiyar rigarsa ta Juma'a, ya zo ya zauna a layin gaba ƙarƙashin bishiyar bedi. Na ɗaga murya na karanta. Mijin mahaifiyata mutum ne mai gaskiya. Mijin mahaifiyata ba ya tauye mudu. Aka tafa, shi ma ya tafa. A hanyar gida yana gaba yana tura kekensa, ina biye da kyautata a hannu. Sai da muka kusa ƙofa ya ce na yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka.

Bai yi fushi ba, bai kuma fasa kawo mani rake daga kasuwa ba. Abu ɗaya ne ya canza. Da yamma in zai ɗura hatsi, sai ya kira ƙanena, wanda ko tsayin buhun bai kai ba. Ina tsaye a tsakar gida ina jin hatsi na zubewa ƙasa, ba a kira ni ba.

Labarin abin da na karanta ya riga ya iso kunnen Kaka. Wata safiya tana gaban murhu ta kira ni. Ta tambaye ni, in ta ce in zo in ci ɗumame, zan zo? Na ce da gudu ma. Ta ce to in ta ce in zo in cinye ragowar jiya fa? Na ɓata fuska.

"Tuwon dai ɗaya ne," ta ce, tana juya tukunya. "Ba ki yi ƙarya ba a takardarki. Amma kin yabi mutum da baki, kin ture shi da hannu."

A lokacin na ji nauyin abin da na yi. Na so in ba shi haƙuri, amma a gidanmu ɗiya ba ta tsayawa gaban uba ta yi irin wannan magana. Na yi kwanaki ina juya abin a raina.

Ranar kasuwar Kurfi Inna ta ba ni fura in kai masa rumfa. Na tarar yana auna wa wani dattijo makiyayi dawa, mutumin ya ce daga Kuki ya zo. Na durƙusa na gaishe su. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, ɗiyarka ce?"

Hannun Baba ya tsaya da tiya a cike. Tambayar da ya saba amsawa tun ba a rufe baki ba, yau sai ya juyo yana kallona, kamar mai jiran izini. Ban taɓa ganin haka a fuskarsa ba.

"Babana ne," na ce. "Ni ce ta fari."

Baba ya juye tiyar a buhun dattijon, ya ɗebo wata ya ƙara masa, ya ce gyara ce. Sa'an nan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce in ajiye furar in zo in riƙe bakin buhun, kada dawar mutane ta zube.

Yau a Dutsin-Ma nake zaune da iyalina, kuma rubutu ya zama sana'ata. Ban daina ganin girman malamin nan ba, don shi ya koya mani tambayar abin da kalma take nufi. Tambaya ta biyu, wato abin da za ta yi wa mai jin ta, a gida na koye ta. 'Ya'yana kan aika saƙo a waya kafin su gama tunaninsa, ni kuwa kalma ɗaya kan tsayar da ni tun daga azahar har la'asar.

Kaka ta daɗe da rasuwa. Baba ya bar kasuwa, idanunsa sun yi rauni, don haka in na je Kurfi nakan karanta masa abin da na rubuta. Kwanan baya ina karanta wani labari, na zo inda na kira wani manomi matalauci. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Mutumin nan yana da gona, yana ci da guminshi," ya ce. "Sa mai ƙaramin ƙarfi."

Na nemi biro a jaka na gyara.