Ranar da Muka Sauke Jif ɗin Yaya

Ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da maƙwabta masu leƙe ta saman katanga, cewa jif ɗin nan mai ruwan toka, wadda ta yi makonni a ɗage a tsakar gidan yayana an cire mata taya ɗaya, ta sauko ƙasa lafiya jiya da hantsi. Babu wanda ya ji rauni. Ni na sauke ta da hannuna, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan labari ne da ya isa a buga a jarida.

Da mai ita yana nan, shi zai fara yi mini dariya. Amma ba ya nan. Allah ya karɓi ran Yaya ranar Laraba, tara ga watan Maris, da la'asar, bayan gajeriyar jinya ta ciwon zuciya, a asibitin da ya yi wa aiki har ya yi ritaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun ranar nake ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ni da nake rubuta wa mutane jawabi su karanta a taro a tafa musu, na rasa ta inda zan kama naka, Yaya, sai jiya da na zauna ina kankare baƙin mai daga faratana.

Waɗanda suka zo mana gaisuwa sun faɗi alherinka, kuma ba su ƙara gishiri ba. Wata tsohuwa ta ce kai ka ɗauke ta a jif ɗin nan ranar da ta karye, ka riƙa lallaɓa ramukan hanya kamar ka ɗauko ƙwai. Abokan aikinka sun ce a ɗakin ɗaukar hoton ƙashi, inda ka ƙare ƙuruciyarka, ba ka taɓa kwantar da yaro a kan teburin nan mai sanyi ba sai ka fara ɗumama wurin da tafin hannunka. Ni kuwa da ka riƙe tun rasuwar mahaifinmu, ka koya mini keke kana gudu a bayana riƙe da sirdi, hankalina wani wuri ya tafi. Abin da yake ta dawo mini kawai shi ne safiyar Asabar.

Kowace Asabar wayata za ta yi ƙara. “Farfesa, ka karya? To taho, yau za mu ɗaga ta.” Ban taɓa zama farfesa ba, kamar yadda kai ma ba ka taɓa zama injiniya ba, amma haka muke kiran juna, kuma a cikinmu kai ka fi kusa da cancantar naka. In na iso, farar kujerar roba mai karyayyen hannu tana jirana a gindin bango. Aikina in zauna. Dokarka ce ba a shiga ƙarƙashin mota sai da mutum a kusa, ko da mutumin bai san bambancin sifana da cokali ba. Sai in buɗe littafina, in sa maka ido ta saman gilashi.

Na karanta labaran yadda ake naɗa sarakuna a ƙasashe iri-iri, ban ga bikin da ya kai ɗaga motarka tsari ba. Sai ka share daɓen siminti tukuna, don a wurinka ƙasa mai laushi ko gangare haramun ne ga jak. Ka ja birkin hannu har ya yi kuka, ka bar ta a giya. Ka ɗauko waigi, guntayen katakon nan da ka fafe da kanka, ka danna su gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa. Ka ɗan sassauta notoci tun taya tana ƙasa. Sannan ka jawo jan jak ɗinka mai ƙananan tayoyi, wanda ka zaɓa don ya fi ƙarfin nauyin jif, ka durƙusa da tocila kana neman wurin da ƙarfen firam, wato ƙashin motar, ya fi kauri, kamar likita yana neman jijiya. A hankali kake danna sandar jak ɗin, kana saurare. In ta tashi, ka tura ƙafafun ƙarfe biyu ƙarƙashin firam, ka sauke nauyin a kansu. Daga nan sai abin da ya fi ba ni dariya: ka kama motar da hannu biyu ka girgiza ta kamar mai tashin yaro makaranta. In ba ta motsa ba, ka cire tayar ka kwantar da ita a ƙarƙashi, wai ko komai ya ci amana, ita za ta tare.

Kafin a gama wannan na cinye babi guda. Nakan ce, “Injiniya, wani da tuni ya canza mai, ya yi wanka, ya kai iyali kasuwa.” Kai kuma daga ƙarƙashi, ƙafafunka kawai nake gani, ka ce, “Jak ɗagawa ya iya, riƙewa ba aikinsa ba ne. Miƙo mini tsumma, ka ci gaba da karatunka.” Sau ɗaya kaɗai ka ba ni amsa mai tsawo. Ka turo kanka waje a kan kwali, ka ce ka ɗauki hoton ƙirjin mutanen da mota ta zauna a kai, kuma kowannensu abu ɗaya yake faɗa in ya samu bakin magana: minti biyu kawai zan yi. Ban daina tsokanarka ba, don ƙane ba ya daina tsokana. Nakan ce wata rana motar nan ce za ta yi ajalinka, tunda ka fi daɗewa a ƙarƙashinta da a kan gadonka. Kakan ce in haka ne, to ni ne shaida.

Ina tuna ranar da muke hanyar ɗaurin auren ɗan abokinka, ka sha sababbin kaya farare tas. Ka hango wata mota a gefen titi an tokare ta da bulo biyu, mutum kwance a ƙasanta. Ka taka birki. Na ce mun makara, ko waiwaye ba ka yi ba. Ka je ka durƙusa ka ce, “Bawan Allah, don girman Allah fito tukuna mu gaisa.” Ya fito yana harararka. Ka nuna masa inda bulon ya fara tsagewa, ka buɗe bayan jif ka ciro ƙafafun ƙarfenka, ka tsaya har ya gama. Mun isa an watse, gwiwoyin wandonka baƙi ƙirin. A hanya ka ce aure ya ɗauru ko babu mu. Ban taɓa jin ka ba wa kowa wannan labari ba, ni ne na yi ta yaɗa shi don a yi maka dariya, masu ji kuma suka ƙi yi.

Asabar ɗin ƙarshe fatar birki ka canza. Ka gama, saura a mayar da taya, sai ka fito ka zauna a kan kwali. Ka ce ƙirjinka ya yi nauyi. Na ce tsufa ne, ka ce a'a, kira mana maƙwabci. Motar da ta kai rabin unguwa asibiti tana nan a ɗage, sai a ƙaramar motar maƙwabci muka kai mai ita. A gadon asibiti, da robar iska a hancinka, ka yafito ni. Na sunkuyo ina zaton wasiyya ce. Ka ce, “Kada ka bar yara su yi wasa kusa da ita. In na fito zan sauke.”

Ba ka fito ba. Motar ta ci gaba da tsayuwa inda ka bar ta, sifana a kan kwali, tsumma rataye a madubi. Duk wanda ya shigo gidan sai ya ga kamar ka shiga wanke hannu ne yanzu za ka dawo. Ni hakan ya yi mini. Kullum na zo sai in ɗan tsaya kusa da ita kafin in yi sallama, in ce a raina aikin bai ƙare ba, mai shi yana tafe. Shekaranjiya matarka ta kira ni gefe. Ta ce, “Baffan yara, tagar kicin ɗina motar nan take kallo. Kullum na ɗaga kai sai in ji zan ce masa abinci ya sauka. Ka taimake ni ka sauke ta.” Na ce bari in nemo makanike. Ta girgiza kai. “Bai taɓa barin baƙo ya ɗaga ta ba. Kai ka zauna kana kallonsa shekara da shekaru. Ko duk karatu kake yi?”

Tsoro biyu na kwana da su, Yaya. Na farko kada ta faɗo mini, in zama hoton da za a ɗauka a tsohon ɗakinka. Na biyu ya fi nauyi: in ta sauko, babu sauran aikin da yake jiranka a duniya.

Jiya na zo da tsohon wando. Na durƙusa, sai na tuna dokar, na ɗaga kai ban ga kowa ba. Kafin in yi magana matarka ta fito, ta jawo farar kujerar ta zauna, ta naɗe hannu. “Ni ce farfesa yau,” in ji ta. Muka yi dariya, daga nan kowa ya kau da kai.

Ashe idona ya riƙe abin da bakina yake yi wa ba'a. Na duba waigi, suna nan daram. Na jawo tayar daga ƙarƙashi, na ɗora ta, na ɗaura notoci da hannu. Na tura jak daidai inda fenti ya goge saboda yawan taɓawarka, na ɗaga kaɗan har ƙafafun ƙarfen suka saki, na zare su ba tare da na cusa kaina ciki ba. Sannan na kama sandar na murɗa a hankali, a hankali, yadda kake yi kamar mai buɗe ƙofar ɗakin mara lafiya. Jif ɗin ta yi ajiyar zuciya ta zauna a kan tayoyinta. Na ƙara ɗaure notocin, wannan sannan na daura da shi, na shiga na yi ta taka birki har ya yi tauri. Kujerar direba tana nan a ja baya daidai tsawon ƙafafunka. Ban gyara ta ba. Na daɗe a ciki, hannuna a kan sitiyari, har matarka ta ƙwanƙwasa gilashi ta ce in fito in sha ruwa.

Kada ka damu, ba wanda zai hau titi da ita sai wanda ya san aiki ya duba birkin. Na san iyakata. Jak da ƙafafun ƙarfen na goge su na mayar inda kake ajiyewa. Farar kujerar kuma na roƙa an ba ni, tana ɗakin karatuna, ba ta dace da komai a ɗakin ba. Gobe Asabar, kuma na san zan riƙa duban waya.

Ya Allah ka jiƙan Yaya, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya tsaya wa bayinka a gefen hanya ba tare da ya san su ba, ka tsaya masa ranar da babu mai tsayawa sai kai. Ka sa Aljanna ce makomarsa, ka haɗa shi da iyayenmu. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, da 'ya'yansa da jikokinsa, da abokan aikinsa, da maƙwabcin da ya ɗauke mu ranar nan bai tsaya neman takalmi ba. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kyautata namu ƙarshen.

Na sha faɗa maka motar nan ce za ta yi ajalinka. Makonni ta yi a inda ka kafa ta, iska ta kaɗa, jikoki sun yi guje-guje a gidan, ko motsi ba ta yi ba. Ni ne ban yi daidai ba, Injiniya.