Littafin da Gwaggo ta zaɓa

Da 'yata ta fari ta shekara ɗaya, na je sayo mata littafi a kasuwar Jakara tare da gwaggona, wadda ba ta taɓa yin boko ba. Ni malamar firamare ce, sai na ɗauko wani mai rubutu da yawa.

Gwaggo ta jujjuya shi ta mayar. Ta ce, "Wannan ai naki ne, ba na yarinya ba." Ta tsuguna tana lalube har ta zaro wani mai shafuka masu kauri kamar kwali, kowanne da dabba ɗaya: akuya, kaza, jaki. Ta ce, "Baki za ta fara kai shi. Kuma waɗannan ta san su a unguwarmu ta Sheshe."

A gida ta ɗora yarinyar a cinya. Ta nuna akuyar, ta yi kukanta, ta tambaye ta inda akuya ta kwana, sannan ta yi shiru tana jiran amsa. Can yarinyar ta dafa hoton ta ce, "Mee!" Ina bakin ƙofa ina kallo, kuma haka na riƙa karanta wa ƙannenta uku.