Inna Habi da madarar da ta ƙi barci

Ina kan moto, wato babur, ina dawowa daga kasuwar Sankaryaaré, yayana ya kira ni daga asibiti ya ce Inna Habi ta cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙanwar mahaifiyata ce, ita ta raine ni a Zongo, kuma a gindin tukunyarta na koyi sana'ar fura da nono.

Ƙa'idarta ɗaya ce. Duk madarar da aka kawo sai ta tafasa ta, ta huce, ta zuba ɗan tsohon nono ta rufe. In gari ya waye ba ta yi barci ta zama kindirmo ba, to an ɗirka wa saniyar magani. Takan ce: "Nonon da ya ƙi barci ba na ba ɗan mutum." Da haka ta daina karɓar madarar wani Alhaji mai garke a bayan gari, wanda ke sayen ƙwayoyi a bakin titi yana ɗura wa shanunsa kamar gyaɗa. Shi kuwa ya bi unguwa yana cewa tsohuwar ta zama dakta ba takarda. Masu saye suka gudu, wai dafaffen nono ba shi da garɗi. Ko a jikinta. Ta ce garɗin da zai kwantar da yaro ba ta sayar da shi.

Gudawa da zazzaɓi suka kayar da ita. Magani uku aka gwada, ko gezau. Likitar ta ce ƙwayar cutar ta riga ta saba da su, irin wadda ake samu a ɗanyen nonon dabbar da aka cika wa magani, amma ba za ta rantse daga ina ta zo ba. Ni dai na san a gidan suna aka matsa mata ta sha fura da ɗanyen nono, ta sha don kunya.

Ranar sadakar uku sai ga Alhajin da bido biyu, wato jarkoki, na madara, har da matse ido, yana cewa an yi rashin uwa. Kafin ya tashi ya raɗa mini: "'Yata, yanzu ai sai mu ci gaba da ke." Tir! Na hana a dama, na ɗibi ƙwarya ɗaya na yi mata yadda Inna take yi. Washegari tana nan tsululu kamar ruwan wanki. Da ya dawo jin amsa, a gabansa na tuttular da bido biyun a kwata.

Allah Ya jiƙan Inna Habi, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri. Ni kuma Ya ba ni ƙarfin hana su abin da ita ta sha don kunya.