Talatin da Ɗaya

Talha mai hoto ya dawo Anacha shekara guda bayan an gama yaƙin basasa, shi da matarsa Kubura da kyamara ɗaya naɗe cikin zani. Ya iske shagonsa na bayan kasuwar Ose babu rufi, ciyawa ta kai ƙugu. Bai tsaya kuka ba. Ya kafa baƙin ƙyalle a bango, ya shiga ɗaukar 'yan albasa da 'yan dako masu son aika hoto gida, iyaye su tabbatar suna raye. Mutum ne wanda in ya ce maka gobe, to goben ce. Shi ya sa ko rabon gado za a yi, ko ɗaurin aure, sai an ce a kira Talha ya shaida.

Abin da ya karya shi ganin wata ne. Ran ashirin da tara ga Sha'aban, shekara biyu da dawowarsu, suna bakin kogin Kwara shi da abokinsa Muntaka mai barkono, sai suka hango jinjirin wata can saman Asaba a ƙetaren kogi, siriri kamar yankan farce. Suka ruga wurin liman, Malam Isma'ila, suka rantse. Lokacin labarin Arewa ba ya isowa da wuri, shaidu biyu adilai kuwa sun wadatar, sai unguwa ta ɗauki azumi. Aka yi talatin cif. Yammacin ranar sama ta wanke tas, kowa ya fito, babu wata babu alamarsa. Hukuncin kuma sananne ne: in aka cika talatin a kan shaidar mutum biyu, sama garau, ba a ga komai ba, an ƙaryata su ke nan. Haka aka wayi gari da azumi na talatin da ɗaya, alhali an riga an yanka kajin salla.

Muntaka, ɗan duniya, ya sosa ƙeya ya ce ƙila wutar jirgi ya gani. Aka yi dariya, aka manta da shi. Talha kuwa ya ce shi fa ya gani. Aka lallashe shi, ya ce ya gani. Kai, taurin kai irin nasa ban taɓa ji ba! Daga nan suna ya bi shi, Talatin-da-ɗaya, har Inyamuran kasuwa sun iya faɗa. Abin da ya fi masa ciwo shi ne ranar ɗaurin auren 'yar maƙwabcinsa. Ya matso gaba yadda ya saba, sai wani dattijo ya ce a hankali, ba tare da ya dube shi ba, "A samo mana wani." Ya ɗauki takalmansa ya fita, goron ma bai karɓa ba. Daren nan ya yi kuka kamar yaro, Kubura tana cewa, "Ni na yarda ka gani, Malam. Ni ban ishe ka ba?"

Ba ta ishe shi ba, gaskiyar ke nan.

Shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kuɗi suka shigo gari, kowa na sayen babur da rediyo, mahajjata suna layi a shagonsa don hoton fasfo. A bakin wani direban tanka ya ji labarin wani Bature injiniyan mai a Fatakwal, wai yana da madubin hangen nesa da yake ɗaukar hoton taurari, zai sayar domin wutar rijiyoyin mai ta haske masa sama. Talha ya bi tankar ya tafi. Baturen ya baje masa hotuna. Ga Kaza da 'Ya'yanta, da Talha ya sani 'yan taurari shida ko bakwai, a nan sun fi ɗari, wani farin hayaƙi ya lulluɓe su. Ga wata aba kamar faifai, wai ita kaɗai taurari ne da ba su ƙirguwa. Ko a jikinsa. Tambaya ɗaya ya yi: zai kama watan kwana ɗaya? Baturen ya ce in sama ta yarda. Talha ya koma ya sayar da babur ɗinsa sabo ful, ya je ya sayo madubin.

Shekara uku, duk ran ashirin da tara ga wata, sai ya rufe shago tun la'asar, ya saɓi madubin mai tsawon taɓarya ya nufi bakin ruwa. Ya kafa ƙafafun madubin uku a yashi, ya ɗaure kyamara a gindinsa da robar tayar keke. Saman Anacha kuwa ba ta da mutunci. Yini guda rana na ƙuna, da ta zo faɗuwa sai girgije ya taso daga Asaba ya zauna daidai inda ake bukata. In an dace babu girgije, kwalekwale mai inji ya wuce, yashi ya girgiza, hoto ya fito dishi-dishi. Masunta na yi masa ihu, "Malam, you see am?" wato ko ya gan shi. Fim nawa ya ƙone, Allah kaɗai ya sani. Mahajjata suka koma wani shago, Kubura ta fara tuyar ƙosai a ƙofar gida. Shi ma ya rame, ya daina zama cikin mutane, magariba ma a kan yashi yake yin ta shi kaɗai.

Sha'aban na shekara ta uku ya faɗo tsakiyar damina. Ran ashirin da tara tun azahar ake ruwa. Ya bi mutum huɗu yana roƙo su raka shi, kowa ya ce yana da uzuri, wani ma ya tambaye shi ko kifi zai ɗauka. Ya tafi shi kaɗai, ya lulluɓe madubin da rigarsa, yana rawar sanyi. Rana ta faɗi. Sai girgijen ya tsage daga ƙasa, wuri kamar faɗin tabarma, ya sa ido, ga shi nan! Ya riƙe numfashi ya danna sau uku, sama ta rufe.

Da gudu ya isa shago ya kunna jan ƙwan ɗakin wankin hoto. Hoton farko ya lalace, na biyu ma. A na uku, cikin ruwan magani, wani farin zare lanƙwasasshe ya fito a hankali. Ya ruga masallaci, ya iske ana sallame isha'i, ya kutsa sahu takardar na ɗiga a hannunsa.

"Allah gafarta Malam, ga shi! Yau ba bakina ba ne, ga shi a takarda!"

Malam Isma'ila ya kai hoton kusa da fitila ya daɗe yana dubawa. Ba mugu ba ne, har idonsa ya kawo ruwa.

"Wata ne, babu shakka," in ji shi. "Na yaushe ne?"

"Na yau! Yanzun nan!"

"Wa ke tare da kai?"

Talha ya waiwaya ya dubi sahu. Kowa ya sunkuyar da kai.

"Takarda ba ta faɗin ranarta, Malam Talha. Kai ne za ka faɗa mana, maganarka kuwa ka san inda ta tsaya. Kai da ka gani, azumi ya hau kanka gobe. Mu za mu cika Sha'aban talatin."

Ya isa gida bai san ta inda ya bi ba. Kubura ta karɓi hoton da hannu biyu, ta goge masa ruwa da gefen zaninta, ta jingine shi a kan kwanukan jerenta. Ya ce ta ɗora musu abin sahur, gobe su biyu za su tashi da azumi. Ya ɗaga kai ya dube ta.

"Zan dafa maka, Malam," ta ce. "Ni zan jira na liman."