Ɗan farin da na'ura ba ta gani ba

Ana sallame asuba muka kama hanyar Bodinga daga Sakkwato, ni da direba da wata malamar asibiti. Aikina rubuta wa na'ura mai ƙwaƙwalwa umarni. Ana kawo mini takardun ƙidayar yara daga ƙauyuka, in huda su a katin da na'urar ke karantawa, ita kuma ta fitar da yawan allurar ƙyanda da za a kai kowane gari. A zagayen baya allura ta ƙare a Lambara yara na kan layi, kuma a wannan zamani na tsuke bakin aljihu babu rarar da za a ƙaro. Shugabanmu ya ce na'urata maƙaryaciya ce. Na yi rantsuwa ba zan sake aika lissafi ba sai na gano inda yaran nan suka ɓace.

Kwalta ba laifi har Bodinga, amma samun mai ya ci mana hantsi. Muka karya da ƙosai da kunu a tasha. Ƙosan ya ƙanƙance ƙwarai, mai suyar ta ce in je in tambayi farashin man gyaɗa kafin in yi mata tsiya. A Danchadi fadama ta yi kore shar da albasa. Muka gwada ƙidayar yara a gida biyu da takardata, lissafi bai tashi ba, mu ma ba mu gane dalili ba.

Da azahar muka wuce Shagari, muka saki kwalta zuwa Lambara, hanyar da ta kusa zazzage mini haƙora. Maigari ya sa aka kawo fura mai sanyi. Malamar ta shiga wani gida, ni ina zaure ina jiyo su ita da matar gidan.

"Ɗiya nawa gare ki?" in ji malamar.

"Biyu na."

"To wagga da ke riƙe da zanenki fa?"

Matar ta ce a hankali, "Ɗiyar kakatta ta."

Wallahi sai da na dafe kai. Ɗiyar fari ce! Uwa ba ta kama sunan ɗan fari don kunya, balle ta lissafa shi gaban baƙo. Ni da na tashi cikin wannan al'ada, ni na tsara tambayar, ban taɓa tunawa ba. Na'ura ba ta yi ƙarya ba, abin da na ba ta ta tauna. Na ji kunya, na kuma ji haushin kaina, don yarinyar nan na cikin waɗanda aka mayar gida ba allura.

Muka bi gidaje har la'asar sakaliya, kakanni muke tambaya yanzu. Gida bayan gida sai ga ɗan fari ya fito. Direba ya ce mai zai yanke mana, na ce ko tura motar za mu yi sai mun gama layin nan.

Washegari na ƙara gurbi guda na ɗan fari a katin, na sake lissafin kowane gari, allurar Lambara ta ƙaru. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne in san bakin mutane kafin in tsara musu tambaya.

Da yamma na leƙa gidanmu, na ce, "Inna, mu nawa kika haifa?" Ta lissafa ƙannena huɗu tsaf, ta ɗauki buta ta bar ni tsaye.